Nihal a ƙauyen Dukku a 1985: sunan ya zauna kuwa?

Autar Mata: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema. Ina rubuta labarin da ya faru a 1985, lokacin Gombe tana cikin jihar Bauchi. Tauraruwar yarinya ce 'yar shekara goma sha shida, haifaffiyar wani ƙauye a ƙasar Dukku, aka kawo ta riƙo gidan goggonta a unguwar Jekadafari cikin garin Gombe. Na sa mata Nihal, saurayin kuma Ayaan. Mai aikin gidan Ladi, muguwar kishiyar goggon Lantana, direban gidan Tanko. Wadda take duba mini rubutu ta ce sunayen ba su zauna ba. Ni kuwa gani nake in labari ya yi daɗi ba wanda zai tsaya kan suna. Me kuka gani?

Ɗan Bolari: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki bar abinki yadda yake. Masu karanta mu a WhatsApp da Wattpad yawancinsu 'yan mata ne matasa, kuma sunan tauraruwa shi ne abu na farko da suke gani a talla. Ki rubuta Dije ki gani ko mutum nawa za su biya kuɗin shiga rukuninki. Ba don ina ƙin sunayenmu ba, kasuwa nake gaya miki.

Baba Malam: Wa alaikumus salam. 'Yata, tambaya ɗaya zan yi miki, in kin amsa ta kin gama aikin. Wa ya raɗa wa yarinyar nan suna?

Ba ke ba ce. A cikin labarin ke ba kya nan. Yarinyar da take da shekara goma sha shida a 1985 an haife ta a 1969. To ki je wancan ƙauyen a wannan shekarar, ranar bakwai da haihuwa, da sassafe. Maza suna zaune a ƙofar gida, ga goro, ga rago a ɗaure. Uban jaririya ya matsa ya raɗa wa liman suna a kunne, aka yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar. Wane suna wannan uban ya sani? Ya san sunan mahaifiyarsa, da na surukarsa, da na yayarsa da ta rasu, da sunayen matan Annabi (SAW) da 'ya'yansa. Daga nan zai ɗauko: A'ishatu, Faɗimatu, Hadizatu, Zainabu, Hauwa'u, Aminatu, Maryamu, Halimatu. Ba shi da talabijin, bai taɓa ganin fim ɗin Indiya ba, balle fassarar wasannin Turkiyya da suka cika gidajenmu yanzu. Ta ina Nihal za ta shigo masa?

Na koyar a firamare a waɗancan shekarun, kuma kiran rajista kullum safe yana sa sunayen zamani su zauna wa mutum a kai. Aji ɗaya sai ka samu A'isha da yawa, sai an haɗa da sunan uba kafin a san wadda ake nufi. Duk wanda ya rayu a lokacin, da ya ga Nihal a shafin farko zai daina yarda da ke, ko da kin kwatanta kasuwar Gombe daidai da yadda take.

Autar Mata: Na gode Baba. Amma in na sa A'ishatu ai ya zama kamar na kowa, ba abin da zai bambanta ta.

Goggon Yara: A'a ɗiyata, a nan ne ma daɗin yake. Ni 'yar Dukku ce, bari in gaya miki yadda gidajenmu suke. Sunan yanka daban, sunan da ake kiran mutum da shi daban, kuma sau da yawa mutum zai girma ya yi aure ƙannensa ba su san sunansa na yanka ba.

A'isha ɗaya tana iya zama Indo, ko Shatu, ko A'i. Faɗimatu ta zama Binta ko Fati. Hadiza ta zama Dije, Hauwa ta zama Kulu ko Jidda, Zainabu ta zama Abu, Maryamu ta zama Mairo. Ban da wannan, mu Fulani muna da sunayen jerin haihuwa: Dikko na fari, Sambo na biyu, Yero na uku, a mata kuma akwai Kumbo da Pendo da Dado da Takko. Abubakar a wurinmu Buba ne, shi ya sa wanda ya kafa masarautar Gombe kowa ya san shi da Buba Yero.

Yanzu ki duba labarinki da kyau. Kin ce gidan goggonta aka kawo ta, wato ƙanwar ubanta ko yayarsa. To a ce uban ya mayar da sunan mahaifiyarsa. Kin ga sunan yarinyar shi ne sunan uwar goggon. Wallahi goggon nan har ta mutu bakinta ba zai furta shi ba. Inna za ta ce mata, ko Dada, ko Uwata. 'Ya'yan gidan ƙanana su ce Adda, wato Yaya. Kowa a gidan ya san wannan alkunya, kowa yana kiyaye ta.

Sai kishiya. Rannan tana tsakar gida, goggon na zaune tana tankaɗe, sai ta buɗe baki ta ƙwala kira da gatsal: "Ke A'ishatu! Zo ki kwashe kwanukan nan." Ba ta zagi kowa ba. Ko mai gidan aka kai wa ƙara, ba ta da laifin da za a kama. Amma duk matar da ta tashi a gidan Hausa ko na Fulani ta san an soki goggon a inda ya fi zafi. Ba sai kin cika shafi uku kina cewa kishiyar muguwa ce ba. Da Nihal ba za ki taɓa samun wannan fage ba, don Nihal ba sunan uwar kowa ba ne a gidan.

Autar Mata: Goggo, tsigar jikina sai da ta tashi. Wannan zai shiga babi na biyu in sha Allahu.

Maman Godiya: Sannunku da hira. Ni ba Nihal ce ta dame ni ba, Ladi da Lantana da Tanko ne. Ƙanwata ki yi haƙuri, ba ke kaɗai ba ce, abin ya zama ruwan dare a rubutun yanzu. Duk inda aka ga Ladi, ko Jummai, ko Talatu, ko Asabe, to tana wanke-wanke ne ko tana kai gulma. Duk inda aka ga Tanko ko Ɗanlami, mai gadi ne ko ɗan aiken boka. Masu kuɗi da masu ilimi da masu kyau kuwa duk sunayen Larabawa da na Indiya. Me muke koya wa yaran da suke karantawa? Cewa sunan kakarsu sunan bauta ne?

Waɗannan sunaye labari suke bayarwa. Ladi ranar Lahadi aka haife ta, Jummai Juma'a, Lami Alhamis, Balaraba Laraba. Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Kande mace ce da ta biyo bayan maza, Gambo shi ke bin tagwaye, Talle maraya ne tun yana jariri. Ba ruwansu da talauci ko arziki. Wanda ya mulki jihar Gombe daga 2003 zuwa 2011 Ɗanjuma ne sunansa, Muhammad Ɗanjuma Goje. Janar T. Y. Ɗanjuma kuma Bajukune ne Kirista daga Takum. Yakubu Dogara, ɗan Bogoro a jihar Bauchi, ya shugabanci Majalisar Wakilai daga 2015 zuwa 2019. Sunayen nan na kowa ne, Musulmi da Kirista, mai mulki da manomi.

Sai abu na biyu, tunda na samu dama. Ni 'yar Kaltungo ce. Marubuci zai kafa labari a Gombe, yana buƙatar maƙwabci Kirista ko ma'aikaciyar jinya, sai ya ɗauko sunan mutumin kudu ya manna mata, kamar babu Kirista ɗan ƙasa a nan. Ga Tangale, ga Waja, ga Tula, ga Cham, ga Dadiya. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, da Hausa iyayenmu suka yi sujada, sunayensu ma haka suke: Bitrus, Bulus, Yohanna, Istifanus, Filibus, Saratu, Rifkatu, Rahila, Hannatu. Akwai kuma irin su Alheri, Murna, Godiya, Albarka. Bayan wannan kowane gida yana da sunan yare da kaka take kiran jika da shi, kuma wanda yake son sa irin wannan a labari ya tako Billiri ko Kaltungo ya zauna da dattijai, za su ba shi har da dalilin sunan.

Ɗan Bolari: Mama, maganarki ta biyu na karɓa ɗari bisa ɗari. Ta farkon ce nake da ja. Kin san dalilin da ya sa muke ba mugaye sunayen gargajiya? Tsoro ne. Ki sa wa ɓarawo ko mazinaci a labari sunan Annabi ko na sahabi, ki ga abin da masu karatu za su yi miki a sharhi. Kuma ni kaina zuciyata ba ta yarda in rubuta "la'ananne" kusa da irin wannan suna ba. To ina mafita? Sai Tanko.

Ustaz na Herwagana: Bismillah. Ɗan Bolari ya taɓo abu mai muhimmanci, kuma wannan kunyar da yake ji abar yabo ce. Sai dai maganin da ya samo ya zama zalunci ga wasu.

Musulunci ya damu da suna. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa sunayen da Allah ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman. Annabi (SAW) ya canja wa mutane sunaye saboda ma'anarsu: wata mai suna Asiya, da harafin da ke nufin mai saɓo, ya mayar da ita Jamila, Barra kuma ya mayar da ita Zainab. Don haka marubuci ya san ma'anar abin da yake sa wa mutanensa, musamman da yake yau iyaye suna ɗaukar suna daga littafi su sa wa jariri na gaske. Wasu sunayen da ake tsinta a intanet ko Balarabe ka tambaya bai san su ba. Haka "Abdul" shi kaɗai rabin suna ne, bawan wa?

Game da mugu a labari: a duniyar gaske masu laifi suna ɗauke da sunaye masu daraja, rajistar kowace kotu shaida ce, kuma laifin nasu ne ba na sunan ba. Duk da haka Bahaushe ya riga ya yi mana hanya. Yana da laƙabi da inkiya. Mutumin banza a unguwa da wuya ka ji ana kiransa da sunan yanka, sunan da halinsa ko sana'arsa ko kamanninsa suka jawo masa shi ake kira. Ka ba mugunka irin wannan, Dogo, ko Gajere, ko Na-Tasha, ko wata inkiya da abokan shashancinsa suka laƙaba masa. Sunan yankan ya fito sau ɗaya tak, ranar da mahaifiyarsa take kuka a kansa ko ranar da alƙali ya kira shi. Ka tsare darajar sunan, ba ka kuma jefa wa masu suna Tanko ƙasa a ido ba.

Maman Godiya: Allah ya saka da alheri Malam. Abin da nake roƙo ke nan. Ban ce kada mai aiki ta zama Ladi ba, ana samu. Amma wata rana a bar Ladi ta zama shugabar makaranta.

Mai Karanta Littafi a YouTube: Ni ta ɓangaren kunne zan yi magana, tunda aikina karanta littattafanku da murya. Abu biyu ke wahalar da ni. Na farko rubutun suna: Xarah, Deejerh, Meenarl, Khaleefah. Mai sauraro Zara da Dija yake ji, wahalar tawa ce ni da nake tsayawa ina lissafin yadda zan furta. Ku rubuta yadda Hausa take rubuta abinta. Na biyu, sunaye masu kama da juna. Hafsa, Hafiza, Hadiza da Halima a gida ɗaya, ko Nabil da Nabila da Nawal. Mai karatu da ido zai iya komawa baya ya duba, wadda take sauraro tana girki ba za ta koma ba, sai ta rikice ta bar labarin. Kafin ku saki babi, ku kira sunayen da ƙarfi kamar kuna kiran yara cin abinci. Wanda ya maƙale a harshe ku canja shi.

Goggon Yara: Amma fa ɗana, gidajen gaske haka suke, uba ɗaya ya jera Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, duk Muhammadu ne.

Mai Karanta Littafi a YouTube: Haka ne Goggo, kuma waɗannan ba sa rikita kowa, don kowanne amonsa daban, har ma suna gaya wa mai sauraro wane ne babba. Da na ce Salisu an san akwai biyu a gabansa.

Lauya daga Bauchi: Ku ba ni dama in sako wani abu da ba a taɓo ba. Ku yi hattara da sarauta da cikakken suna. Waziri, Galadima, Ciroma, Ajiya, Yerima, in ka haɗa ɗayansu da sunan gari na gaske, to mutum ɗaya ne a duniya yake riƙe da wannan rawani, yana da 'ya'ya da jikoki. Ko da labarinka na 1985 ne, akwai wanda ya riƙe sarautar a wannan shekarar, kuma zuri'arsa suna nan. Ka sa shi yana cin amanar marayu a littafi, ka buɗe wa kanka ƙofar ƙarar ɓata suna, kuma rubuta "wannan labari ƙirƙira ne" a shafin farko ba lallai ya fitar da kai ba in kowa ya gane wanda ake nufi. Mafita mai sauƙi: manyan garuruwa su zauna da sunansu, amma garin da mugun basarake yake mulki ka ƙirƙiro shi. Haka in ka haɗa suna uku, na mutum da na uba da na gari, ka saka shi a Facebook ka bincika kafin ka saki littafin.

Sannan ga mai rubuta labarin da: sunan dangi irin na Turawa ba al'adarmu ba ce. Makarantar boko ce ta buƙaci suna na biyu, sai aka riƙa sa na uba ko na gari ko na unguwa. Abubakar Tafawa Ɓalewa sunan garinsu ne, Sa'adu Zungur kuma Zungur tana nan a ƙasar Bauchi. Ɗan makarantar wancan zamani in ka kira shi da sunan garinsu, ka sa shi a zamaninsa.

Ɗan Bolari: To na ji duka, amma kada a mayar da mu masu laifi. Ku shiga kowace makarantar kuɗi a Gombe yau ku ji rajista: Afnan, Hanan, Amal, Ihsan, Sultan, Ayman. Yaran nan na gaske ne, iyayensu ne suka sa musu. In labarina na bana ne, a gidan ma'aikacin banki, in na sa wa 'yarsa Kande ni ma na yi ƙarya.

Baba Malam: Ɗana, a nan ba mu da saɓani ko kaɗan. Ni ban ce tsohon suna ya fi sabo ba. Jikokina ma irin waɗannan sunaye gare su. Abin da na ce shi ne a tambayi wanda ya raɗa. Ma'aikacin bankinka na bana Afnan zai sa, ko kuma ya yi abin da yawancinsu suke yi: ya mayar da sunan mahaifiyarsa Hadiza a ranar suna don ya faranta mata, matarsa kuma ta laƙaba wa yarinyar Afnan, makaranta ta san ta da Khadija, kakar ta wajen uwa ta riƙa tsokanarta da Dije. Ka ga mutum huɗu, kowa da abin da yake so yarinyar ta zama. Bahaushe ya ce suna linzami ne, to ka duba hannun wa yake riƙe da shi a kowane fage.

Kuma ko a da ana saɓa wa al'ada, sai dai da dalili. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu tagwaye ce, an haife ta a 1793 tare da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada sunan tagwaye za a sa mata, amma Shehu ya zaɓi Asma'u. Malami ne da ya san tarihin sahabbai mata, yana da inda ya ɗauko. Don haka in Autar Mata ta nace sai baƙon suna a ƙauyen Dukku a 1969, to ta ba mu uban da ya yi zaman Makka ko Sudan ya dawo da shi, ta kuma nuna mana tsofaffin ƙauyen suna kasa furtawa suna lanƙwasa shi yadda harshensu zai iya. Wannan ma labari ne. Abin da ba ya yiwuwa shi ne sunan ya faɗo daga sama kowa ya yi kamar ya saba ji.

Autar Mata: Ba zan nace ba Baba. Ta zama A'ishatu, goggo ta ce Inna, yara su ce Adda Indo. Kishiyar zan mayar da ita Hajiya Ƙarama kawai, kowa da haka yake kiranta. Ladi kuma na ɗauke ta daga wanke-wanke, ita ce malamar da za ta tsaya wa yarinyar a kan karatu. Saura saurayin. Ina so ya zama ɗalibi a ATBU, Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi.

Lauya daga Bauchi: Ƙanwata, a 1985 ba a fara kiranta ATBU ba. An buɗe ta a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, a 1984 aka mayar da ita ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sai a 1988 ta koma cin gashin kanta da sunan da muka sani yanzu. Ko dai ki rubuta ta yadda take a lokacin, ko ki ba shi aiki a kamfanin siminti na Ashaka, wanda yake aiki tun kafin shekarar labarinki.

Autar Mata: Ashaka ta fi mini, don dama ina so ya riƙa zuwa Gombe ƙarshen mako ne kawai. In ɗan Bajoga ne, na biyu a gidansu, Sani ke nan ko Sambo?

Goggon Yara: Duka biyun. Takardar aiki ta ce Muhammad Sani Bajoga, abokan aiki su ce Sani, uwarsa da kawunnansa su ce Sambo. Ita yarinyar kuwa Hamma, wato Yaya, za ta ce masa, shi ma ba a gaban goggonta ba. In ƙawarta ta tambaye ta wa ya zo jiya da yamma, "mutumin Ashaka" za ta ce tana sunkuyar da kai. Bayan an ɗaura aure ko Hamman ma sai ya ragu, sai dai "shi" ko "mai gidan", har a samu haihuwa. Kuma ki tuna ɗan farin nasu ita ba za ta kira sunansa ba, don haka tun yanzu ki tanadi abin da za ta riƙa ce masa. In kin gyara babi na biyun ki turo mini ta akwatin saƙo in duba miki gaisuwar Fulatancin da ke ciki.